LIKITA WALTER MILLER (1872-1952) DA JAMA'AR KIRISTA TA WUSASA

A wannan fitowa ta mujallarmu, filin tarihin mutanen da suka shuɗe zai bar ƙasar Sakkwato ya leƙa ƙasar Zazzau. Mutumin da za mu yi magana a kansa Bature ne, kuma ɗan mishan. Na san wasu daga cikin 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, musamman mu da muka tashi a Boɗinga da Shagari, za su ce me ya haɗa mu da shi? To, a yi haƙuri a karanta. Da yawa daga cikinmu mun girma muna zaton duk Kirista baƙo ne, ko dai ya zo daga Kudu ko daga Filato. Alhali kuwa akwai Hausawa da Fulani waɗanda tun kakanninsu suke zuwa coci, da Hausa suke sujada, da Hausa suke binne matattunsu. Ba a iya ba da labarin yadda wannan jama'a ta kafu ba tare da an ambaci Likita Miller ba.

An haifi Walter Richard Samuel Miller a shekarar 1872 a yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke birnin Landan. Da ya gama, maimakon ya buɗe wurin duba marasa lafiya ya tara abin duniya kamar sauran abokan karatunsa, sai ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta cocin Ingila wadda aka fi sani da C.M.S.

A wancan zamani labarin ƙasar Hausa ya cika kunnuwan masu zuwa coci a Ingila. Tun kafin a haifi Miller, wani Bajamushe mai suna Schön ya riga ya fassara wasu sassa na Linjila da Hausa, da taimakon Dorugu, yaron nan da ya bi matafiyi Barth zuwa Turai. Daga baya Charles Robinson ya shiga Kano, ya koma gida ya wallafa ƙamus. Abin da waɗannan suka rubuta ya sa Turawan mishan suka ɗauka cewa ga wata al'umma mai birane da kasuwanni da karatu, wadda in ta karɓi addininsu, fatakenta za su kai shi ko'ina a Afirka ta Yamma. Har ma suka gaya wa kansu wai Musulunci bai kama zukatan Hausawa ba, Fulani ne kawai suka ɗora musu shi da takobi. Wannan zato shi ne jarin da Miller ya taho da shi, kuma ya daɗe kafin ya gane cewa jarin ba ya ciniki.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne harshe. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ta ƙasar Libiya, inda fatake da alhazai Hausawa suke yada zango, ya zauna cikinsu yana koyon magana daga bakin masu ita. A can ne ya haɗu da wani yaro ɗan Katsina mai suna Abdulmajid, wanda mahaifinsa ya rasu a kan hanyar Hajji. Wannan yaro ya zama malaminsa na Hausa, daga baya kuma ya zama ɗan gidansa.

TAFIYAR KANO

A farkon shekarar 1900 su biyar suka taso daga Ikko a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. Sauran su ne Richardson da Dudley Ryder da Burgin da shi Likita Miller. Suka ratsa ƙasar Yarbawa, suka haye Kwara a Jebba, suka iso Zariya inda Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su ba yabo ba fallasa. Daga nan suka wuce Kano ba tare da an gayyace su ba. Sarkin Kano Alu Babba bai ɓata lokaci ba, ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su bar masa gari. A tuna, a lokacin Turawa ba su ci Kano ba tukuna, ba su ci Sakkwato ba. Shi kansa Gwamna Lugga bai ji daɗin wannan kasada ba, don tana iya jawo masa yaƙin da bai shirya ba.

Suka dawo kudu da Zariya suka sauka a wani ƙauye da ake kira Girku. A nan Ryder ya rasu, ciwo ya kori Richardson gida, sauran ma suka bi baya. Miller ne ya sake dawowa ya riƙe wurin. A cikin waɗanda suka zo taya shi a waɗannan shekaru akwai wani saurayi Hanns Vischer, wanda bai daɗe ba ya bar aikin mishan ya koma na gwamnati. Shi ne Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Ke nan makarantun gwamnati irin wadda muka yi, da makarantar mishan ta Zariya, a tushe ɗaya suka yi rassa.

A watan Maris na 1903, bayan yaƙin Giginya, Lugga ya tsaya a Sakkwato ya yi wa Sarkin Musulmi da manyan gari alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addininsu ba. Wannan alkawari shi ne katangar da Miller ya yi ta karo da ita har tsufansa. Razdan-razdan irin su Manjo Burdon na Sakkwato sun fassara shi da cewa ba a yarda ɗan mishan ya zauna a garin Musulmi ba sai da yardar sarki. Shi kuwa Miller yana ganin gwamnatin da ta ce ita ta Kiristoci ce ta zama mai gadin ƙofa a kan addininta.

SHEKARUN BIRNIN ZARIYA

Zariya ce kaɗai ta fita daban. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Miller ya sami izinin shiga cikin ganuwa, ya zauna a Durumin Maigarke. Shekara ashirin da huɗu mishan ɗin ya yi a cikin birni, kuma a nan ne ya kamata mu ɗan dakata, domin a nan aka ga yadda jama'ar coci take tsirowa a wurin da babu ita.

Ba a fara da gini mai ƙararrawa ba. Cocin farko gidan Likita ne. Mutanen cikinsa kuwa yara ne, wasu bayi ne da aka 'yanta ba a san inda iyayensu suke ba, wasu kuma iyayensu ne suka kawo su don su koyi boko. Da safe a taru a yi addu'a a karanta Linjila, sannan a buɗe ɗakin magani, masu gyambo da masu ciwon ido su yi layi, yara kuma su shiga aji. Ran Lahadi a yi sujada bisa tsarin cocin Ingila, amma da Hausa, wato sai an fassara addu'o'in da waƙoƙin kafin a yi su. Wa'azi a fili cikin kasuwa kuwa hukuma ba ta sakar masa mara a kai ba. Saboda haka wanda duk ya shiga wannan jama'a, ta ƙofar gidan Miller ya shiga, kuma a ƙarƙashin idonsa ya zauna.

Wannan tsari yana da amfani, yana kuma da illa. Mutumin da ya yi baftisma a birnin Zariya a wancan lokaci, ya san abin da zai biyo baya. Dangi za su janye, gado zai kuɓuce, neman aure ya zama aiki. Dole ya sami wani gidan da zai maye masa wanda ya rasa, kuma Miller ya ba su wannan. Bai taɓa aure ba, yaran nan su ne iyalinsa, har wasu suka ɗauki sunansa, kamar Henry Miller wanda daga baya ya zama limamin coci. Amma uban da shi ne likita, shi ne hedimasta, shi ne mai wa'azi, shi ne alƙali, shi ne kuma mai riƙe da lalitar kuɗi, ba ya saurin barin 'ya'ya su yi gemu. A ganina wannan ne ya sa jama'ar ta yi zurfi amma ba ta yi faɗi ba. Turawan da C.M.S. ta riƙa aiko masa su taya shi ma ba su sha da daɗi ba, domin mutum ne mai kaifin harshe, wanda in ya ga hanya ba ya yarda akwai wata.

Babban burinsa shi ne ya kama manya. Ya kai wa Lugga shawarar a buɗe makarantar kwana ta 'ya'yan sarakuna, da wata ta malamai inda za su koyi rubutun boko. Lugga ya yi na'am, amma ya bar ƙasar a 1906, wanda ya gaje shi kuma, Gwamna Girouard, bai amince a danƙa 'ya'yan sarakunan Musulmi a hannun ɗan mishan ba. Ajin malaman ya ɗan taɓa tafiya ya mutu, don malaman sun gane inda aka dosa. Abin da ya rage daga wannan yunƙuri shi ne rubutun boko kansa, domin Miller yana cikin waɗanda suka matsa wa gwamnati ta riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa maimakon ajami. Littafinsa na koyon Hausa ya fito tun 1901, kuma jami'an mulki da yawa da shi suka fara.

Zamansa da Sarki Aliyu bai ƙare lafiya ba. Miller ya yi ta rubuta wa hukuma ƙara a kan zalunci da cinikin bayi a ɓoye, kuma waɗannan ƙararraki suna cikin abin da ya kai ga tuɓe sarkin aka kai shi Lakwaja. Mu da muka san Aliyu Ɗan Sidi a aji a matsayin fasihin marubucin waƙoƙi, wannan ɓangare na labarin yana da ɗaci. Masu kare Miller suna cewa talakawa ya tsaya wa. Zazzagawa da yawa kuwa sun ɗauke shi baƙon da aka ba masauki ya kori maigida. Ko wanne aka ɗauka, abin ya ƙara nisanta 'yar jama'arsa da mutanen gari.

ISAWA DA GIMI

Mutanen da suka cika masa coci ba daga fada suka fito ba, daga ƙauye suka zo, kuma ba shi ya je nemansu ba. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda a karatunsa na Alƙur'ani ya ba Annabi Isa (AS) wani matsayi da sauran malamai suka ga ya wuce iyaka. Aka nemi ya janye ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Su ake kira Isawa. Ba su taɓa ganin ɗan mishan ba, ba su da Linjila a hannu, sai dai sun gaji jiran wanda zai zo musu da ƙarin bayani.

A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka iso wurin Miller. Bayan an yi ta kai da kawowa, aka samar musu fili a Gimi, wajen Makarfi, suka taru daga ƙauyuka dabam-dabam suka kafa gari. Wannan ne karo na farko da aka sami ƙauyen Hausawa sukutum wanda coci ne tsakiyarsa. Ga magidanta da matansu da 'ya'yansu, ga gonaki, ga makaranta, ga dattawan da tun asali malamai ne masu allo da tawada, waɗanda ba sai an koya musu yadda ake jan jama'a ba. Wanda ya zauna da su a matsayin limami baƙar fata ne daga tsibiran Karibiyan, Rabaran W. A. Thompson. Shi ake danganta wa shigo da injin matse rake da dafa mazarƙwaila a wannan yanki, sana'ar da har yau take ci a ƙasar Makarfi. Duk wanda ya taɓa sayen mazarƙwaila a tasha, ya ɗanɗani wani abu daga tarihin Gimi bai sani ba.

Garin bai yi tsawon rai ba. Wurin yana da ƙudan tsando, ciwon barci ya shiga, cikin 'yan shekaru ya kwashe mutane da yawa, manya da yara. Waɗanda suka tsira suka tashi, marayu da yawa aka kai su makarantar Zariya. Daga cikin wannan zuriya ta Isawa ne aka sami Farfesa Ishaya Audu.

KOMAWA WUSASA

Zuwa ƙarshen shekarun 1920 gidan Durumin Maigarke ya yi wa makaranta da asibiti kaɗan, gwamnati da fada kuma sun ƙosa mishan ya fita daga birni. Sababbin ma'aikatan da suka zo daga Ingila, a ƙarƙashin wani matashin limami Guy Bullen, suka ga hikimar tashi. Miller bai so ba ko kaɗan. A wurinsa fita daga ganuwa daidai yake da sallama cewa Kiristanci baƙo ne a birnin Hausa. Amma wannan karon ba a bi tasa ba. A 1929 aka koma Wusasa, gindin duwatsun da ke yamma da birni.

A nan sai a yaba wa magadan nasa. Cocin St. Bartholomew da suka gina a Wusasa da ƙasa aka yi shi, ginin magina Hausawa, da bakan gizo da azara kamar soron wani basarake. Wanda ya hango shi daga nesa ba zai ce ga ginin Turawa ba. Yana nan tsaye, kuma an sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. Kusa da shi aka yi asibitin St. Luke da makarantu, ciki har da kwalejin St. Paul wadda yanzu ake kira Kufena. Sai ga abin da Miller ya ji tsoro ya zama shi ne ya raya jama'ar. Da suka sami garin kansu, sai shugabanci ya fara fita daga hannun mutum ɗaya ya rarrabu, ga limami, ga masu bishara da ake aikawa ƙauyuka, ga dattawan coci masu sasanta rigimar aure da ta gona, ga zumuntar mata wadda duk wanda ya san coci a Arewa ya san ita ce ƙashin bayan biki da jana'iza da ziyarar marasa lafiya.

Shi kuwa Likita ya koma Kano ya duƙufa kan aikin da ya fi kowane daɗewa a bayansa. Tare da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan da mataimakansa Hausawa, ya kammala fassarar Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya, Tsohon Alkawari da Sabo, aka buga a 1932. Kalmomin da aka zaɓa a ciki abin lura ne. Ba a ƙirƙiro wani sabon suna na Ubangiji ba, Allah aka rubuta. Haka sujada da addu'a da annabi da zunubi da tuba, duk daga rumbun da Musulmi suke ɗiba aka ɗebo su. Wannan fassara ta yi kusan shekara hamsin ana karanta ta kafin a fito da sabuwa.

Abin mamaki, Hausawan da aka yi fassarar dominsu ba su ne suka fi amfani da ita ba. Ƙabilun Filato da kudancin Zariya da Adamawa da kudancin Barno, waɗanda kowace take da harshenta, su suka rungumi Hausa ta zama harshen cocinsu. Shi ya sa har yau sunayen manyan ɗarikun Arewa da Hausa suke, irin su Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. Littafin ya haye iyaka zuwa Tsibiri ta Maraɗi da Galmi a ƙasar Nijar. Ya iso mu nan ma, domin da gwamnati ta sassauta a shekarun 1930, ta hanyar jinyar kutare aka bar mishan ɗin S.I.M. ya shigo lardunan Musulmi, aka ba shi Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa nan kusa da mu. Cocin Angilika kuwa, wato ɗarikar Miller, sai a 1990 ya sami bishop na kansa a Sakkwato, Josiah Idowu-Fearon.

Idan aka ƙirga kawuna, abin da Miller ya samu cikin shekara talatin da wani abu bai taka kara ya karya ba. Amma a dubi waɗanda suka fito daga wannan 'yar jama'a. Dokta R. A. B. Dikko, likitan boko na farko a Arewa, shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, kuma sunansa ne a kan asibitin Barau Dikko na Kaduna. John Tafida shi ne suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da malamanmu na Hausa suka sa mu karanta. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa yake aikin bishara, ko da yake lokacin Miller ya riga ya bar wurin. A majalisar Gowon, Dokta Dikko da marigayi Alhaji Shehu Shagari sun zauna teburi ɗaya a matsayin kwamishinonin tarayya. Da Shagari ya zama shugaban ƙasa kuma, Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, shi ya riƙe masa ma'aikatar harkokin waje. Wannan kusanci bai hana wutar rikicin 1987, wadda ta taso daga Kafanchan, isa Zariya da Wusasa ba, inda aka ƙona coci-coci da gidajen mutanen da ba su da wani gari sai nan, ba su da wani harshe sai Hausa.

Miller ya ajiye aiki da C.M.S. a 1935, ya koma Ingila. A shekara mai bi ya fitar da littafin tarihin aikinsa, amma zaman can bai karɓe shi ba, ya sake dawowa Nijeriya ya ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce. A littattafansa na ƙarshe, musamman wanda ya fito a 1947 yana tambayar ko Ingila ta gaza a Nijeriya, ya caccaki mulkin En'e da yadda aka bar Arewa a baya wajen ilimi, maganganun da suka yi kama da waɗanda matasa 'yan boko irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suke yi a daidai wannan lokaci. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru kusa da Jos, inda ya rasu a 1952 yana da shekara 80. Bayan shekara biyu aka yanke wa Arewa dayosis nata daga Ikko. Wusasa kuwa sai a 1997 ta zama mazaunin bishop.